Malam Ridwanu Iro, Wanda ya Huda Robobin Tudun Jaye

Asali da haihuwa

Cikin kakar shekarar 1958, ana tsakiyar yankan gero, aka sami ƙaruwar ɗa namiji a gidan Malam Iro Ɗanmaraya da matarsa Rukayya, a garin Tudun Jaye da ke gundumar Agye ta jihar Maraɗi, ranar suna kuwa liman ya raɗa masa Ridwanu. Kakannin Malam Iro Katsinawa ne da suka ƙetaro daga kudu tun da daɗewa, kuma duk abin da suka bar wa zuriyarsu bai wuce gida ɗaya da gona ɗaya a gabas da gari ba. Gonar jigawa ce, farin yashi, irin wadda ke mayar wa mai ita daidai abin da ya zuba mata, ba ta ƙara masa ko zangarniya ɗaya don kunya. Malam Iro bai taɓa mallakar saniya ba har ya koma ga Allah, saboda haka abin da ya riƙe gonar, ya kuma riƙe gidan, shi ne juji.

Wajibi ne a yi bayanin wannan juji tun da wuri, domin a kansa rayuwar marigayin ta ginu. A gidan Rukayya ba a zubar da abinci, don tana ganin yin haka alhaki ne. Ƙanzo a shanya shi, ƙasari a bai wa awaki, abin da ya kwana a ɗumama. Abin da ya saura bayan wannan, wato toka da ɓawon gyaɗa da tsintar ganye da sharar tsakar gida, shi take zubawa a wata tsohuwar randa da ke gefen murhu, wadda gindinta ya huje tun tana amarya. Idan randar ta cika a juye ta bisa tarin da ke ƙofar gida, idan rani ya yi a ɗora wa jaki mangala a kwashe tarin zuwa gona. Ridwanu ya fara bin jakin nan tun kansa bai kai tsawon mangalar ba.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren limamin unguwarsu, sa'an nan a shekarar 1965 aka ɗauke shi lakol, wato makarantar boko, ba da son mahaifinsa ba, wanda ya ga an raba shi da mai kora masa jaki. Ya ci jarrabawar ƙarshen firamare a 1971, aka tura shi kolej a Tasawa, inda ya yi shekaru huɗu yana dawowa gida kowane hutu ya tarar da mangala tana jiransa. A shekarar 1976 ya sami shiga makarantar koyon aikin lafiya a Damagaram, sashen tsabtar gari, ya kammala a 1979.

A wannan makaranta aka karantar da shi cewa juji gidan ƙuda ne, ƙuda kuma shi ke ɗauko zawo ya kai wa yara har cikin kwano. Ya yarda da haka ƙwarai, domin ƙannensa biyu zawon damina ne ya tafi da su. Amma kuma ya san cewa tuwon da ya ci ya girma daga jujin nan ya fito. Abokan karatunsa da suka tashi a birni magana ɗaya suka koya, shi ya fito da biyu, kuma bai taɓa yarda ya saki ɗaya daga cikinsu ba.

Farkon aiki

A watan Oktoba na 1979 aka tura shi Gidan Rumji a matsayin ma'aikacin tsabta, wanda jama'a ke kira duba-gari. Al'adar aikin a lokacin ita ce a ga tari a ƙofar gida, a ci mai gidan tara, a sa wa tarin wuta. Malam Ridwanu bai bi wannan hanya ba. Sai ya yi sallama da mai gida, su zauna a zaure, ya tambaye shi inda gonarsa take, su tsai da ranar da za a kwashe tarin kafin ruwan farko, har ma wani lokaci ya nemo masa aron jaki. Manyansa a buro, wato ofis, suka ɗauke shi rago mai tsoron mutane. Gobirawan garin kuwa, da yake su jibji suke ce wa juji, mushe kuma suke kiran ma'aikacin gwamnati, suka laƙaba masa Mushe Jibji, sunan ya bi shi har Cadakori da aka mayar da shi a 1983.

Akwai wani abu game da aikin da ya kamata a ambata, don daga baya ya zama babba. Duba-gari namiji ne, namiji baligi kuma ba ya shiga gidan matan aure. Saboda haka duk tsawon shekarun hidimarsa iyakarsa zaure, abin da ke faruwa a gindin murhu kuwa sai dai mai gida ya ba shi labari. Mai gida shi ma, a gaskiya, galibi bai sani ba.

Aure da iyali

A kasuwar Cadakori ya haɗu da Dija, ɗiyar Ardo Mamman, wadda ke kawo nono duk ranar kasuwa. Duba ƙoren masu nono yana cikin aikinsa, sai dai matan kasuwar sun lura cewa ƙwaryar Dija tana shan dubawa fiye da yadda ƙa'idar aiki ta tanada, alhali ba a taɓa samun ko ƙuda a cikinta ba. Farin shekarar 1984 ya cinye yawancin shanun Ardo Mamman, ya tashi da rugarsa zuwa kusa da Cadawa, Malam Ridwanu ya bi sawu har can da manyansa. An ɗaura auren a watan Maris na 1985 bayan jinkiri mai tsawo, domin Ardon ya daɗe yana mamakin yadda zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da sana'arsa leƙen shara.

Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Ya kuma albarkaci gonar Malam Iro, domin daga wannan shekara, duk lokacin da hukuma ta yi shelar sakin gonaki bayan an gama kwashe amfani, Tijjani, yayan Dija, yakan koro shanunsu su kwana a gonar, su ci kara su bar kashi. Juji da rani, shanu da kaka: da waɗannan biyu jigawar ta yi shekaru tana cika rumbu. Haka kuma sauran talakawan garin suke yi, kowa da Bafulatanin da ya saba da shi.

Zaman Gazawa da zuwan leda

A shekarar 1993 aka mayar da shi Gazawa, garin da ke kusa da iyaka, inda kaya ke shigowa dare da rana a bisa babura. A nan ya ga yadda baƙar leda ta ci kasuwa. Abin da dā ake ƙunshewa a ganye ko takarda, ko a zuba a kwano, duk ya koma leda: ƙosai, manja, gishiri, har kunu. Leda kuwa idan ta shiga gida ba ta da wata mafita sai juji, juji kuma ba shi da wata mafita sai gona.

Da yake duba nama a kwata ma yana wuyansa, shi ne ya fara ganin abin da mahauta ke cirowa daga tumbin dabbobi, dunƙulen leda baƙi ƙirin, wani ya kai girman tulu. Saniya takan ji ƙanshin mai da gishiri a jikin leda ta haɗiye, ledar ta zauna mata a ciki, ta yi ta rama tana cin abinci har ta faɗi. Ya sha rubuta wa manyansa bayani a kan haka, ana yaba masa da kyawun rubutu. A 1999 mahaifinsa ya yi wafati, gonar ta dawo hannunsa, a 2005 kuma, bayan an kafa ƙananan hukumomi, aka mayar da shi mahaifarsa a matsayin shugaban sashen tsabta na meri, wato ƙaramar hukumar Tudun Jaye.

Dokar hana kai juji gona

A ƙarshen 2014 gwamnati ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma wadda ta riga ta shiga jujin mutane da gonakinsu ba ta ji shelar ba. Bayan sakin gonakin wannan shekara shanu suka mutu a karkarar Tudun Jaye fiye da yadda aka saba gani. Tijjani, wanda a lokacin ya gaji mahaifinsa a sarautar Ardo, ya rasa shanu da dama, cikinsu har da wata farar saniya da ya fi ƙauna, kuma a gonar mijin ƙanwarsa ta faɗi. Ya sa aka farke cikinta a gaban Malam Ridwanu, ya nuna masa abin da ke ciki da sandarsa, ya ce: «Malam, ga takinka nan. Ni da gonakin garin ga, sai dai in hange su daga hanya.» Sauran makiyaya suka bi bayansa, maganganu suka yi zafi a kasuwa, har sai da jandarma suka raba wani faɗa a bakin rijiya.

Magajin garin lokacin, wato shugaban meri, Alhaji Abdulrahaman, mutum ne mai gudun fitina, kuma ba za a zarge shi da hakan ba. A watan Maris na 2015 ya gabatar wa majalisa shawarar a hana kai juji gona baki ɗaya, a riƙa tara sharar kowane gida, mai ruɓewa da marar ruɓewa, ana kai ta babban ramin da ke yamma da gari ana binnewa. Wanda zai zartar da dokar kuwa shi ne shugaban sashen tsabta. Malam Ridwanu ya san abin da hakan ke nufi: mai hali zai sayi takin zamani, talaka kuwa, wanda shanu suka riga suka ƙaurace wa gonarsa, za a raba shi da abu na ƙarshe da yake zuba mata, cikin 'yan shekaru ya sayar da ita ya tafi ci-rani.

Ya miƙe a gaban majalisa, shi da ba a san shi da dogon jawabi ba, ya ce: «Ranka ya daɗe, ba jujin ne ke kashe shanu ba, abin da muka bari ya shiga cikinshi ne. A ba ni lokaci in raba su. In na kasa, ni da hannuna zan kai jujin gidanmu rame.» Bayan muhawara aka jingine dokar, aka ba shi wa'adin sakin gonaki biyu, na 2015 da na 2016, da sharaɗin cewa makiyaya ne za su yi hukunci: idan suka yarda suka mayar da shanunsu gonakin garin, an janye dokar, idan suka ƙi, ta fara aiki.

Shekarar farko

Wata ƙungiyar agaji ta taimaka da manyan robobi masu marfi, koriya don abin da ke ruɓewa, baƙa don leda. A watan Mayu aka raba kashin farko a ƙofar meri, da kiɗa da jawabai, kowane mai gida ya ɗauki biyu ya kai wa iyalinsa. Robobin kuwa masu kyau ne, kauri gare su, marfinsu na rufuwa gam, babu irinsu ko a kasuwar Gazawa. Malam Ridwanu ya bi zaure zaure duk damina yana tambaya, masu gida suna tabbatar masa cewa an gode, komai lafiya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tarin ƙofar gidaje bai sauya ba, leda na nan tana leƙowa daga cikin toka kamar dā.

Dija ce ta warware masa, bayan ta dawo daga wani biki a watan Oktoba. Ta ga korayen robobi biyu a jeren amarya, an goge su suna ƙyalli. Da ta zaga gidajen ƙawayenta ta tarar wata ta mayar da tata randar ruwan sha, wata ta cika tata da gero don ɓera, wata kuma ta adana zannuwan fita a ciki. Tana ba shi labari tana dariya har da hawaye, ta ce: «Haba Malam, wace macce ce za ta zuba toka cikin abin da ya fi randarta kyau? Ko ni, tawa wake na sa.» Ashe har a gidan shugaban sashen tsabta haka abin yake, bai sani ba. Bai yi dariyar ba. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

A watan Disamba aka saki gonaki. Ardo Tijjani ya wuce da shanunsa ta bayan gari, bai tsaya ko shan ruwa a gidan ƙanwarsa ba. Rabin wa'adi ya tafi a banza, mutanen gari kuma suka fara tambayar juna yadda ramin yamma zai ɗauke sharar gari guda.

Huda robobi

Kashi na biyu na robobin ya iso a watan Fabrairu na 2016, aka jibge shi a ma'ajin meri. Malam Ridwanu ya faɗa wa iyalinsa daga baya cewa yana tsaye yana kallonsu sai randar mahaifiyarsa ta faɗo masa a rai, ya tambayi kansa dalilin da ya sa ta yi shekara talatin a gefen murhu ba wanda ya taɓa ɗauke ta ya yi wani aiki da ita. Amsar ba ta da wuya: ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe hatsi, ba mai sha'awarta.

Ranar wata Laraba, ranar kasuwar garin, ya sa aka loda robobin a amalanke aka kai su maƙera. Ya umarci Sarkin Maƙera ya gasa ƙarfe ya huda kowace a gindi da kewaye, manyan hudoji waɗanda ko gyaɗa ba za ta zauna ba. Sarkin Maƙera ya ƙi da farko, ya ce shi gyara ya gada, ba ɓarna ba, sai da Malam Ridwanu ya karɓi ƙarfen ya huda ta farko da kansa. Warin ƙonanniyar roba ya cika kasuwa, jama'a suka taru suna salati, mata na riƙe baki, kafin la'asar labari ya kai ko'ina cewa shara ta taɓa kan Mushe Jibji.

Magajin gari ya kira shi buro a fusace, ya ce: «Malam Ridwanu, kayan mutane, sabbi fil! In masu su suka zo mi zan ce masu?» Ya amsa da ladabi: «Ranka ya daɗe, ka ce masu mun gwada su da kyaunsu, sun zama kayan ɗaki. Yanzu za mu gwada su da muninsu.» Alhaji Abdulrahaman ya tuna cewa a gidansa ma akwai koriya guda cike da shinkafa, ya sallame shi ba tare da hukunci ba, sai dai ya tunatar da shi cewa Disamba na nan tafe.

Wannan karon ba a yi kiɗa ba, ba a kuma ba masu gida ba. Dija, wadda ba ta taɓa zama a aji ba balle ta riƙe muƙami, ta tara mata takwas na unguwanni, su suka shiga gida gida da hudaddun robobin, suka ajiye koriya a gefen murhu, baƙa a bakin ƙofa. Bayanin bai yi musu wuya ba, domin matan garin dama sun saba ware ƙanzo da ƙasari da dusa, leda ce kawai ba ta da wurin zama. Shi kuma ya zauna da masu amalanke suka yi alkawarin ba za su ɗauki tarin da aka ga leda a ciki ba, wanda hakan ya sa masu gida, karo na farko a tarihin garin, suka fara sha'awar sanin abin da ke faruwa a gindin murhu. Kafin saukar ruwa aka yi gayya unguwa unguwa aka tsince tsohuwar ledar da ke cikin gonaki, aka kai ta ramin yamma aka binne. Hudar ta zo da wata fa'idar da shi kansa bai yi lissafinta da farko ba, don iska na shiga, ruwa na tsiyayewa, abin da ke ciki ya ruɓe ba tare da ɗoyi ba.

Ba za a ce kowa ya bi ba. An sami wadda ta toshe hudojin da tsumma, an sami waɗanda suka kifa tasu suka rufe 'yan tsaki don shirwa, kuma ledar kasuwa ba ta daina maƙalewa a ƙaya ba. Amma tarin da aka kwashe zuwa gonaki a wannan rani baƙi ne mai laushi, irin wanda tsofaffi suka ce rabonsu da gani tun suna samari.

Sakin gonakin 2016

An yi shelar sakin gonaki a tsakiyar Disamba. Ardo Tijjani ya zo shi kaɗai, ba shanu, ya shiga gonakin gabas da sandarsa yana tona ƙasa nan da can, ya bi na arewa, ya bi na kudu, ya wuni yana yawo. Malam Ridwanu na biye da shi daga nesa, bai kuskura ya yi masa magana ba. Da yamma Ardon ya kama hanyar Cadawa bai faɗi hukuncinsa ba. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafiya nauyi a rayuwar marigayin, har iyalinsa suka shaida cewa ya sa an gyara amalanken gidan, don cika alkawarin da ya yi wa majalisa na kai jujinsa rami da hannunsa.

Ranar Juma'a da safe ya tafi gona, ba don wani aiki ba, don dai zaman gidan ya gagare shi. Tun daga kan tudu ya hango ƙahoni. Shanu ne kwance a gonar Malam Iro daga wannan iyaka zuwa waccan, suna tuƙa, kashinsu na tururi, waɗansu garkunan kuma sun bazu a gonakin maƙwabta. Ardo Tijjani na tsugune yana ɗaure ɗan maraƙi, bai ko ɗago kai sosai ba ya ce: «Malam, ka ce ma Dija ta aiko da hura. Nan muke har watan ga shi mutu.» Malam Ridwanu ya zauna a kan kunyar gona cikin kara yana ta maimaita hamdala. Ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin sanyi a ransa irin na wannan safiya ba.

A zamanta na watan Fabrairu na 2017 majalisa ta janye dokar hanin, ta maye gurbinta da wadda ta halatta kai juji gona muddin an raba shi da leda, ta kuma wajabta wa meri kwashe ledar gidaje zuwa rami. Alhaji Abdulrahaman da kansa ya karanta ta, ya ƙara da cewa duk robar da za a raba a garin nan gaba sai ta biya ta maƙera.

Ajiye aiki da shekarun ƙarshe

Ya ajiye aiki a ƙarshen 2018, bayan shekara talatin da tara yana hidima, ya sauke farali tare da Dija a shekarar da ta biyo. Daga nan ya koma gonarsa da karatun Alƙur'ani. Ma'aikatan tsabta na waɗansu garuruwa sukan zo neman shawara, suna tsammanin dogon bayani, shi kuwa yakan tambaye su abu biyu kawai, ko suna da maƙeri, da kuma ko suna da matar da za ta shiga gida. Bai taɓa yarda a ce shi ya yi aikin shi kaɗai ba, yakan ce shi huda kawai ya yi. Daga 2021 ciwon hawan jini ya fara rage masa ƙarfi, amma bai fasa raka amalanke gona da rani ba, ko da a zaune a bisa kayan.

Wafati

Allah ya karɓi ransa ranar Talata, cikin watan Disamba na 2023, a gidansa da ke Tudun Jaye, yana da shekara sittin da biyar, mako guda bayan sakin gonaki. An yi masa salla a ƙofar gidan bayan azahar, aka kai shi maƙabartar gabas, wadda hanyarta ta ratsa gefen gonarsa, masu ɗauke da makara suka wuce shanun Ardo Tijjani suna kiwo a ciki. Ardon, duk da tsufansa, yana cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. Manoma da makiyaya da mahauta da masu amalanke sun halarta, har da jama'a daga Gidan Rumji da Gazawa.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Dija da 'ya'ya biyar: Muhammad Awwal, malamin lakol a Gazawa, Ummuhani, ungozoma a Agye, Dalhatu, wanda ke noma gonar gidan, Latifa, da ke aure a Cadawa, da auta Shatu, ɗaliba a Maraɗi, da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da aka zo rabon gado aka fito da kayan gidan tsakar gida ana yi wa kowane ƙima, har aka iso kan wata koriyar roba da rana ta kore wa launi, hudojinta sun yi baƙi, wadda Hajiya Dija ta ce ita ce ta farko da ya huda da hannunsa. Malamin da ke rabon ya juya ta, ya leƙa ta gindi ya hango ƙasa, ya ce wannan ba ta da ƙimar da za a sa mata, a cikin magada kuma ba wanda ya nema. Hajiya Dija ta ɗauke ta ta mayar gefen murhu, ta kwashe tokar ranar ta zuba a ciki.